Koya wa 'Yan Mata Shugabanci: Darasi Daga Unguwar Rikkos ta Jos

Rikkos unguwa ce mai yawan jama'a a Ƙaramar Hukumar Jos ta Arewa, cikin Jihar Filato. A daren 22 ga watan Yuli, 2012, aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, madatsar ruwa ta Lamingo ta cika ta batse, ambaliya ta ratsa Rikkos da Gangare da maƙwabtansu. Fiye da mutum 30 suka rasu, gidaje masu yawa suka rushe. Kafin wannan kuwa, birnin Jos ya sha fama da tashin hankali a 2001 da 2008 da 2010. Duk lokacin da irin wannan masifa ta auku, ana bukatar wanda zai tara jama'a, ya ƙidaya yara, ya raba abinci bisa adalci, ya kai kuka ga hukuma. Cikin gidaje, inda baƙon namiji ba ya shiga, mace ce kaɗai za ta iya wannan aiki. Idan ba a koya mata tun tana yarinya ba, ranar bukata ba za a same ta ba.

Mene Ne Shugabanci?

Mutane da yawa suna tsammani shugabanci shi ne hawa kujera ko ɗaura rawani. Wannan wani sashe ne kawai. Shugaba shi ne wanda ya ga abin da ke damun jama'a, ya saurari kowa, ya tsara mafita, ya raba aiki, sa'an nan ya dawo ya ba da bayanin abin da aka yi da abin da aka kashe. Yarinyar da ta riƙe kuɗin adashin ajinsu har ƙarshen zango, kobo bai ɓata ba, ta fara shugabanci. Haka wadda ta sasanta ƙawayenta biyu da suka yi faɗa a bakin famfo.

Ba Baƙon Abu Ba Ne

Akwai masu cewa shugabancin mata al'adar Turawa ce. Tarihin ƙasar Hausa bai goyi bayansu ba. Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta kafa tsarin 'Yan Taru don ilimin matan ƙauyuka. Takan zaɓi dattijuwa mai hankali da riƙon amana, ta naɗa ta jaji, ta sa mata malfa da jan rawani don kowa ya san matsayinta. Jaji takan jagoranci tsofaffin mata da 'yan mata su zo wurin Nana su ɗauki karatu, su koma su koyar da matan aure a gidajensu. Abin lura a nan shi ne, ana tafiya da 'yan mata tare da manya, suna kallon yadda ake riƙe jama'a a hanya da kuma a zauren karatu.

Haka kuma Hajiya Gambo Sawaba ta Zariya, wadda aka haifa a 1933, ta shiga jam'iyyar NEPU tana da shekara 17. Ta zama shugabar matan jam'iyyar a Sabon Garin Zariya, ta je Abeokuta ta gana da Funmilayo Ransome-Kuti, ta sha ɗauri sau da yawa saboda neman 'yancin mata. Matan Arewa ba su sami damar jefa ƙuri'a ba sai a 1976. A 1985 aka kafa ƙungiyar FOMWAN a Minna, Hajiya Aisha Lemu ta zama Amirarta ta farko, ƙungiyar kuma ta buɗe makarantu da asibitoci a jihohi da dama.

Abin Da Matan Jos Suka Yi

Bayan kisan da aka yi a Dogo Nahawa a watan Maris na 2010, Fasto Esther Ibanga ta jagoranci dubban mata Kiristoci suka yi jerin gwano a Jos. Mata Musulmi kuma, ƙarƙashin Hajiya Khadija Hawaja, suka yi nasu saboda waɗanda suka rasa. Daga baya shugabannin biyu suka zauna, suka gane cewa baƙin cikin uwa ɗaya ne ko wane addini take bi. Daga nan aka kafa ƙungiyar mata ta WOWWI a shekarar 2010, wadda ta haɗa mabiya addinan biyu. A 2015 aka ba Esther Ibanga lambar zaman lafiya ta Niwano ta ƙasar Japan. Irin wannan ya faru a Laberiya a 2003, inda Leymah Gbowee ta haɗa mata Musulmi da Kiristoci suka matsa wa masu yaƙi lamba har aka sulhunta. Majalisar Ɗinkin Duniya ma, a ƙudurinta mai lamba 1325 na shekarar 2000, ta nemi a riƙa sa mata cikin shawarwarin sulhu.

A fagen mulki, Pauline Tallen ta yi Mataimakiyar Gwamnan Filato daga 2007 zuwa 2011, ta kuma riƙe Ma'aikatar Harkokin Mata ta Tarayya daga 2019 zuwa 2023. A 2017 aka naɗa Amina Mohammed Mataimakiyar Babban Sakataren Majalisar Ɗinkin Duniya. Babu ɗaya daga cikinsu da ta wayi gari ta ga ta iya. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Hanyoyi Biyar Na Koyarwa

1. A bar yarinya ta gama makaranta. Dokar ilimin bai ɗaya ta 2004 ta wajabta shekara 9 na karatu kyauta, wato 6 na firamare da 3 na ƙaramar sakandare. Wadda ba ta iya karanta takarda ba, wani ne zai riƙa gaya mata abin da ke ciki.

2. A ba ta amana ƙarama. A miƙa mata kuɗin cefanen mako, a ce ta rubuta abin da ta saya da canjin da ya rage. Idan ta yi kuskure a gyara mata cikin sirri, kada a ƙwace aikin.

3. A koya mata magana a gaban jama'a. Kunya ado ce, amma kunya daban take da tsoro. Muhawarar makaranta, da musabaƙar Islamiyya, da taron 'yan mata na coci, duk wurare ne da za ta saba tsayawa ta faɗi ra'ayinta da ladabi.

4. A haɗa ta da babbar mace abin koyi, kamar yadda jaji ke tafiya da 'yan mata. Malamar makaranta, ko ungozoma, ko shugabar matan kasuwa, kowacce za ta iya riƙe 'yan mata biyu ko uku.

5. A bar ta ta san 'yan matan da ba addininsu ko ƙabilarsu ɗaya ba. A garin da rikici ya raba unguwanni, wannan shi ne mafi wuya, kuma shi ne mafi amfani. Wasannin makarantu da aikin share magudanar ruwa kafin damina hanyoyi ne masu sauƙi na haɗa su.

Abubuwan Da Ke Kawo Cikas

Talla a lokacin makaranta, da aurarwa kafin kammala karatu, da ɗora wa 'ya mace dukan aikin gida alhali 'yan'uwanta maza suna bitar karatu, su ne manyan shingaye. Akwai kuma tsoron da wasu iyaye ke yi cewa yarinya mai baki ba za ta zauna gidan miji lafiya ba. Gaskiyar magana, wadda ta koyi sauraro da lissafi da sasanta mutane ta fi kowa iya riƙe gida. Aikin uba a nan babba ne, domin idan ya tambayi 'yarsa ra'ayinta a gaban iyali, 'yan'uwanta maza za su koyi girmama maganarta.

Tambayoyi Don Tattaunawa

Ana kira ga malamai, da masu unguwanni, da limamai, da shugabannin coci, da ƙungiyoyin mata su karanta wannan darasi a tarurrukansu, musamman ranar 11 ga watan Oktoba, wadda duniya ta keɓe wa 'ya mace tun 2012, su kuma tattauna waɗannan:

(a) 'Yan mata nawa ne a unguwar suka bar makaranta bana, kuma me ya fitar da su?

(b) Waɗanne mata ne a unguwar za su iya riƙe matsayin jaji a yau?

(c) Idan ambaliya ta sake zuwa cikin dare, wa ke riƙe da sunayen gidajen da ke bakin rafi da adadin yaran da ke cikinsu?