Nazarin Littafi Mai Tsarki: Gonar Irmiya da Bashin Rumbu

Karatu: Irmiya 32:1-15. Mai bi da nazari ya sa a karanta wurin sau biyu, a hankali, domin waɗanda ba su iya karatu ba su ji labarin sosai.

 Na shirya nazarin wannan fitowa musamman domin ƙananan ikkilisiyoyinmu na ƙasar Bodinga da Shagari, amma na tabbata 'yan'uwa na sauran wurare ma za su ga kansu a ciki.

Abin da ya sa ni wannan rubutu wata magana ce da na ji a zaman kwamitin rumbun tsimi na wani ƙauye, bayan kaka. Kun san tsarin. A watan Agusta, lokacin da rumbunan gida suka yi ƙasa, gero kuma bai nuna ba, iyali sukan ɗauki hatsi bashi, da kaka su mayar tare da ɗan ƙari domin kuɗin buhu da ɓarnar ƙwari. Da muka buɗe littafi, sai muka ga sunayen waɗanda ba su mayar ba sun yi yawa. Aka kira ɗaya daga cikinsu, magidanci ne, mawaƙi kuma a majami'a. Ya ce, "Malam, ai hatsin nan na coci ne, ni kuwa ɗan coci ne. Ɗa yana biyan uwarsa bashi?" Aka fashe da dariya, har da ni. Amma da na hau babur ina komawa gida, maganar ta ƙi barina. Na san yana cikin matsi, kamar kowa. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, taki da magani da kuɗin mota duk sun hau. Sai dai na kuma san gero ya shiga gidansa, kuma tun kafin a gama sussuka ya biya ɗan kasuwar da ya ba shi taki bashi. Wanda yake jin tsoronsa ya biya. Rumbun 'yan'uwa kuwa ya bar shi ya jira.

Annabi a tsare yana sayen gona

Bari mu koma ga wurin da muka karanta. A shekara ta 10 ta sarautar Zedekiya, sojojin Nebukadnezzar sarkin Babila sun kewaye Urushalima. Irmiya kansa yana tsare a filin matsara na fadar sarki, domin ya yi ta faɗa cewa birnin zai faɗi. Ana cikin haka sai ga ɗan'uwansa Hanamel, ɗan Shallum, ya zo yana neman ya sayar masa da gonarsa ta Anatot, garinsu, wanda bai wuce tafiyar sa'a guda da ƙafa daga Urushalima ba.

Ku yi tunani a kan wannan ciniki. Gona ce a inda abokan gaba suka mamaye. Mai saye ba shi da ikon fita ko da ya leƙa ta. Duk manomin da ke cikinku zai ce wannan zubar da kuɗi ne. Duk da haka Irmiya ya saya, a kan shekel 17 na azurfa, domin Ubangiji ya riga ya sanar da shi, ya kuma yi alkawari cewa wata rana za a sāke sayen gidaje da gonaki da gonakin inabi a ƙasar.

Abin da nake so mu lura da shi sosai shi ne yadda ya yi cinikin. Bai ce, ai duniya ta zo ƙarshe, ba sai an rubuta ba. Ya auna azurfar a ma'auni. Ya kira shaidu. Aka rubuta takarda biyu, ɗaya a liƙe da hatimi, ɗaya a buɗe. Ya miƙa su ga Baruk ɗan Neriya a gaban jama'a, ya ce a sa su cikin tukunyar ƙasa domin su daɗe. Da ya ga dama, da ya taya gonar da arha ƙwarai, gama Hanamel yana cikin matsi, ba kuma wani mai saye. Da ya ga dama, da ya ce zai biya bayan yaƙi. Bai yi ko ɗaya ba. Mutumin da ya gaskata akwai gobe a hannun Allah, shi ne yake kiyaye gaskiya a cinikin yau.

Kada kuma mu ɗauka zuciyarsa ba ta girgiza ba. In kun ci gaba daga aya 16 zuwa 25, za ku ga bayan ya biya kuɗin ya koma ga Allah cikin addu'a, yana nuna masa tarin ƙasar da abokan gaba suka jibga a jikin garu, kamar mai cewa, ga abin da idona yake gani, ga kuma abin da ka sa ni yi. Na ji daɗin wannan wuri ƙwarai. Ya yi biyayya tukuna, sa'an nan ya kai damuwarsa. Mu sau da yawa sai mun ga damuwa ta ƙare kafin mu yi biyayya.

Alkawari irin na Hananiya

Akwai wani annabi a zamanin, sunansa Hananiya. Labarinsa yana cikin sura 28. Shi ya tsaya a Haikali ya ce cikin shekara 2 za a karya ikon Babila, a dawo da kayan Haikali da mutanen da aka kwashe. Irmiya kuwa ya ce shekara 70 ne, ya ma rubuta wa waɗanda suke Babila cewa su gina gidaje, su yi shuka, su yi aure, su nemi zaman lafiyar garin da suke baƙunci a ciki (sura 29). Wa kuke tsammani jama'a suka fi son ji? Hananiya ya mutu a cikin shekarar nan. Urushalima ta faɗi wajen shekara ta 586 kafin haihuwar Almasihu, daga baya kuma aka tafi da Irmiya Masar ba da son ransa ba.

Na kawo wannan domin a yau ma muna jin wa'azi a rediyo da waya mai cewa in ka ba da gaskiya, talauci zai bar ka kafin ƙarshen wata. Allah ya yi wa Nuhu alkawari a Farawa 8:22 cewa lokacin shuka da na girbi ba za su ƙare ba muddin duniya tana nan. Bai ce kowace damina za ta yi kyau ba. Tsofaffinmu sun ga farin 1973 da na 1984, sun kuma ga an sāke shuka bayansu. A 2005, da yunwa ta kama Maraɗi da wasu sassan Nijar bayan fara da ƙarancin ruwa, tsadar hatsi ta taɓa har kasuwanninmu. Alkawarin ya tsaya, amma an sha wuya a tsakani. Rumbun tsimi an kafa shi ne domin wannan tsakanin. Irinsa da yawa an gina a ƙasashen Sahel bayan fari na shekarun 1970, da yawa kuma sun mutu, ba gara ce kaɗai ta cinye su ba, rashin mayar da bashi ne.

In muka bi diddigi, abin da yake hana mutum mayarwa ba kullum rashi ba ne. Tsoro ne. Yana duban tiya 10 ɗin nan, yana cewa, in na mayar, me yara za su ci a bazara? Tsoron nan ne yake sa a danne gindin mudu, a zuba tsakuwa a wake, a boye ruɓaɓɓiyar albasa a tsakiyar buhu. A ranar Lahadi bakinmu yana cewa Ubangiji makiyayinmu ne, a ranar kasuwa hannunmu yana cewa ba mu da kowa sai dabararmu.

Abin da aka gani a Amanawa

Ba sai mun je nesa neman misali ba. A ƙasar Dange-Shuni, maƙwabtanmu, akwai Amanawa. A zamanin Turawa gwamnati ba ta yarda 'yan mishan su shiga masarautun Musulmi su yi wa'azi yadda suke so ba. Ƙofar da ta buɗe ita ce jinyar masu kuturta. A ƙarshen shekarun 1930 mishan ɗin SIM, wanda ECWA ta fito daga cikinsa a 1954, ya karɓi wannan aiki a Amanawa ta Sakkwato, da Babbar Ruga ta Katsina, da Yadakunya ta Kano, bisa yarjejeniya da hukumomin En'e.

A lokacin babu magani mai ƙarfi. Allurar wani man itace ne da ake kawowa daga wajen Indiya, mai zafi, warkewa kuma kaɗan ce. Sai a ƙarshen shekarun 1940 aka gwada ƙwayar dafson a Uzuakoli, can kudu maso gabas, ta bazu daga baya. Haɗin magunguna da yake warkarwa cikin watanni ya zo a farkon shekarun 1980, tun 1995 kuma ake ba da shi kyauta ta hannun Hukumar Lafiya ta Duniya. To, a duk shekarun nan na jira, me ma'aikatan suke yi? Kowace safiya wanke miki, ɗaure ƙafa, auna abinci. Da yawa daga masu wannan aiki ba Turawa ba ne, 'yan ƙasa ne, wasu ma marasa lafiya ne da suka samu sauƙi suka zauna suna taimako. Masu farawa da yawa ba su ga ranar da cutar ta zama abin warkarwa cikin sauƙi ba. Wannan ya tuna mini da mutanen Ibraniyawa sura 11, waɗanda suka hango alkawari daga nesa. Abin da ya sa sarakuna da talakawa suka bar su suka zauna shi ne yau an zo an same su, gobe ma an zo an same su, halinsu bai sāke ba.

Idon maƙwabta

Mu Kirista a wannan yanki ba mu da yawa, kowa ya san haka. Daga Sifawa zuwa Danchadi, daga Bodinga har Shagari a kan hanyar Tambuwal, maƙwabtanmu Musulmi ne, da su muke cin kasuwa, da su muke ɗiban ruwa. Da yawa ba za su taɓa shiga majami'a ba, amma sun san mudun kowannenmu. In ɗayanmu ya ci amana, ba sunansa ake kira ba, cewa ake yi "Kiristan nan". Bitrus ya yi wa masu bi da suke warwatse cikin baƙunci gargaɗi a kan haka a 1 Bitrus 2:11-12. Maƙiyan Daniyel ma sun binciki aikinsa na gwamnati ciki da bai, ba su sami inda za su kama shi ba sai a kan addu'arsa (Daniyel 6:4-5).

Ku ɗauki wake. Wasu sukan zuba masa maganin ƙwari na feshi domin ya kai bazara ya yi tsada, su sayar wa wanda zai dafa wa 'ya'yansa, nasu na ci kuwa su ware shi dabam. Saboda irin wannan magani ne Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Nijeriya a 2015. Alhali akwai buhu mai leda biyu a ciki, wanda ake kira PICS, in an ɗaure shi sosai ƙwarin sukan mutu don rashin iska, ba sai an sa komai ba. Ya fi buhun da muka saba tsada, gaskiya ne. Amma waken da ba za ka ba ɗanka ba, da wane ido za ka auna wa ɗan maƙwabcinka?

A zaman nan da na faɗa muku, akwai wata gwauruwa tsohuwa da ta zo da ƙwarya a kā. Bashinta tiya 6 ne, ta kawo 4. Na ce, "Inna, ki bar shi haka, kwamiti zai duba." Ta ce, "A'a ɗana, rubuta saura 2. In na sayar da kaza zan cika. Wata za ta zo nema a damina kamar yadda na zo." Ba ta san Zabura 15 da ka ba, amma abin da aya ta 4 take nufi ke nan, wato mutum ya cika abin da ya ɗauka ko da zai cutu. Kafin Kirsimeti ta cika.

Ba ina cewa kowa zai iya biya ba. Akwai wanda ruwa ya ci gonarsa, akwai wanda jinya ta cinye amfaninsa, akwai kuma waɗanda suka gudo daga gabashin jiha saboda 'yan bindiga ba su da ko taƙi ɗaya na noma. Ikkilisiyar da ta matsa wa irin waɗannan ta manta da Ubangijinta. Amma mai irin wannan hali ya zo da kansa ya faɗa, a rubuta, a ɗaga masa ko a yafe masa a gaban shaidu. Ɓuya da sauya hanya in an hango ma'aji, shi ne yake kashe zumunci. Mu ma 'yan kwamiti da ma'aikata maganar ta hau kanmu, har ta fi. Da wane mudu muke bayarwa, da wane muke karɓa? Ɗan'uwan dattijo yana shiga layi kamar kowa? Littafin yana buɗe ga duk wanda ya ce zai gani? Irmiya takarda biyu ya yi, ɗaya a buɗe take.

Domin tattaunawa

Ku rabu kashi biyu ko uku, mata dabam in sun fi sakewa haka. Me ya sa Irmiya ya damu da ma'auni da shaidu alhali birni yana gab da faɗuwa? Wane tsoro ne ya fi sa mu tauye gaskiya a ƙauyenmu, kuma wane alkawarin Allah ne ya yi magana a kansa? In maƙwabcinka Musulmi ne za a tambaya game da cinikinka, me zai ce?

Bayan addu'a, a sa ranar da ma'aji zai karanta littafin rumbu a gaban ikkilisiya duka. Kafin ranar, mutum biyu daga kwamiti, namiji da mace, su ziyarci kowane gida da yake da saura, su zauna su ji halin da ake ciki. A kawo mudun rumbu da na kasuwa a gwada su a idon kowa.