Shin Garkunan Taurari Za Su Dawwama Tare?

Duk ɗalibin da ya fita bayan garin Gayam, a ƙasar Birnin Gwari, cikin daren da babu farin wata a ƙarshen damina, idan ya ɗaga kai wajen arewa zai iya hango wani ɗan haske dishi-dishi kamar hazo. Wannan shi ne Andiromida, garke guda mai ɗauke da biliyoyin taurari. Hasken da ya shiga idon ɗalibin ya kwashe shekara miliyan 2.5 yana tafiya.

Garkunan taurari ba su zama a warwatse. Andiromida da garken da rana take ciki, tare da wasu ƙanana fiye da 50, rukuni ɗaya ne. Abin da ya ɗaure su shi ne ƙarfin jan juna, wato ƙarfin nan da ke faɗo da mangwaro daga bishiya. Rukunoni kuma kan haɗu su zama babban gungu. A shekarar 2014 Brent Tully na Jami'ar Hawaii da abokan aikinsa suka shata iyakar gungun da duniya take ciki, suka raɗa masa suna Laniyakeya. Yana da garkuna kusan 100,000, faɗinsa kuwa tafiyar haske ce ta shekara miliyan 500.

Sai dai a nan ne ɗalibai da dama, har da wasu malamai, kan yi kuskure, su ɗauka cewa duk abin da aka kira gungu a ɗaure yake. Tun a 1929 Edwin Hubble ya nuna cewa garkuna masu nisa suna guje wa juna, domin sararin da ke tsakaninsu yana buɗewa. A 1998 aka gano cewa buɗewar ƙara sauri take yi. Ƙarfin jan juna kuwa raguwa yake yi da nisa: idan tazara ta ninka biyu, sai ya koma kashi ɗaya cikin huɗu. Saboda haka yakan yi rinjaye a kusa, ya sha kaye a nesa.

Shaida tana nan a sama. Andiromida tana matsowa da gudun kilomita 110 a daƙiƙa, amma rukunin Birgo, mai garkuna fiye da 1,000, wanda shi ma yana cikin Laniyakeya, nesanta yake yi da kimanin kilomita 1,000 a daƙiƙa. Lissafin masana ya nuna cewa Laniyakeya zai watse sannu a hankali, kowane rukuni ya kama gabansa, har a wayi gari bayan shekaru biliyan ɗari ko fiye da haka babu madubin hangen nesa da zai iya riskar hasken Birgo daga nan.