Yadda ake ɗaura gilashin faɗaɗa hoto a waya ba tare da hoto ya lanƙwashe ba

Duk wanda ya taso daga Malam Madori ya gangara fadamar Haɗejia da niyyar ɗaukar hoto ya san matsalar. Gonakin shinkafa da ruwa sun miƙe har iyakar gani, kyamarar waya kuwa ɗan yanki kawai take kamawa, kuma wanda ke cikin kwale-kwale ba shi da damar ja da baya. Manyan wayoyi suna zuwa da kyamara ta musamman mai alamar 0.5x ko 0.6x don wannan aikin, amma ƙananan wayoyi da dama ba su da ita. Shi ya sa ake sayen ɗan gilashin nan mai maƙali, irin wanda ake samu a kasuwar waya ta Farm Centre a Kano.

Lissafinsa mai sauƙi ne. Babbar kyamarar yawancin wayoyi tana daidai da milimita 26 ko kusa da haka. Idan aka ɗora mata gilashi mai lamba 0.6x, sai ta koma kamar milimita 16, wato ta ƙara buɗe ido. Masu araha sukan rubuta 0.45x a kwali, amma kada a ɗauki rubutun da muhimmanci sosai.

Abu na farko shi ne gano kyamarar da za a ɗaura wa gilashin, domin wayar yanzu tana da ido biyu zuwa huɗu a baya. A buɗe kyamara, a bar ta a 1x, sannan a riƙa rufe idanun da yatsa ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya sa fuskar wayar ta yi duhu shi ne ake nema. Daga nan a cire rigar wayar, sai dai in irin wadda aka ƙera da mazaunin gilashi ce. Tazarar da riga ke bari, ko da milimita ɗaya ce, tana iya jawo baƙi a kusurwoyin hoto.

Wurin da aka fi yin ɓarna shi ne murɗawa. Yawancin waɗannan gilasan biyu ne a haɗe: na ƙasa na ɗaukar ƙananan abubuwa daga kusa, na sama kuma shi ke faɗaɗawa, kuma ba ya aiki sai yana kan ɗan'uwansa. A fara murɗa gilashin a jikin maƙalin kafin a kai shi kan waya. A ɗan juya shi hagu tukuna har a ji ya zauna, sannan a juya dama a hankali da yatsu biyu. Da zarar ya tsaya, a dakata. Ƙarin ƙarfi yana cinye haƙoran robar ko ya zaunar da gilashin a karkace, sai gefe ɗaya na hoton ya fito tas, ɗayan kuma dishi-dishi. Wanda ya yi sako-sako kuma, ba sufa gulu ne maganinsa ba, domin tururinsa yana barin farin hazo a kan gilashi. Gara a sayi sabon maƙali, a tabbatar faɗin bakinsa ya yi daidai, tunda akwai mai milimita 17 akwai mai 37.

Bayan an maƙala, a juya wayar ga farin bango ko sararin sama, a riƙa gusar da maƙalin kaɗan-kaɗan har kusurwoyi huɗu su yi haske iri ɗaya. A duba kuma cewa ɗan tattausan robar da ke ɗaya bakin maƙalin yana nan, don shi ke hana fuskar waya tsagewa.

Sai gwaji. Bangon bulo ya isa, ko ginin tashar jirgin ƙasa ta Malam Madori da ke kan layin Kano zuwa Nguru. Idan layuka sun ɗan kumbura daidai wa daida ta kowane gefe, wannan halin gilashin ne, ba laifin ɗauri ba. Idan kuwa gefe guda ya fi lanƙwasa, a kwance a sake.

Ita wannan kumburar ana rage ta da yadda aka riƙe waya. Layin da ya ratsa tsakiyar hoto ba ya lanƙwasa, don haka a fadama a sa inda sama ta haɗu da ƙasa a tsakiya, daga baya a yanke abin da ba a so. Kada a sa fuskar mutum a gefe, za ta baje. Wannan ba maganar kwalliya kaɗai ba ce. Wanda ke ɗaukar gida ko gona a matsayin shaidar ɓarna bayan ambaliya, irin ta 2022, ba zai so lafiyayyen bango ya fito kamar zai faɗi ba, don hakan na iya sa a yi shakkar sauran hotunansa.

Yanayin yankin ma yana da nasa sharaɗi. A watan Afrilu zafi kan haura maki 40, kuma maƙalin roba da aka bari a rana kan kujerar babur yana saki. Lokacin hunturu a fara hure ƙura kafin a goge, in ba haka ba yashi zai karce gilashin. Masu ɗaure waya a kan babur su sani cewa a 2021 kamfanin Apple ya yi gargaɗi cewa girgizar inji na iya lalata kyamarar iPhone. A kan ruwa kuma, a zura siririn zare a maƙalin a ɗaure a wuyan hannu, domin maƙali ɗan bugu kaɗan yake jira ya fice.