Ɓarawon da Ke Ɓuya a Cikin Kwamfuta: Yadda Yake Shiga da Yadda Ake Fitar da Shi

Darasin kwamfuta na wannan mako ya samo asali ne daga abin da ya faru a gidanmu lokacin hutu.

Yayana ya ga wani bidiyo da aka ce za a samu wasan ƙwallo na kwamfuta kyauta. Ya sauke shi, ya buɗe, wasan bai tashi ba. Ya yi tsaki ya manta da zancen. Bayan kwana uku sai Gwaggo ta kira Mama tana tambaya ko jikin Yaya da sauƙi, wai ya yi mata saƙo ta Facebook yana asibiti, har ta tura kuɗin magani. Alhali Yaya yana zaune a tsakar gida yana cin tuwo! Da ya gwada shiga shafinsa sai ya tarar an canja kalmar sirri. Mai gyara ya duba kwamfutar, ya ce manhajar satar bayanai ce ta shige ta. Kuɗin Gwaggo dai har yau ba su dawo ba.

Mece ce manhajar satar bayanai?

Wata ƙaramar manhaja ce ta leƙen asiri da 'yan damfara ke haɗawa. Ba ta lalata kwamfuta, domin ba ta son a gane ta shigo. Aikinta shi ne ta kwashe kalmomin sirrin da aka ajiye a burauza irin su Chrome, da lambobin katin banki, da hotunan abin da ke kan allo, da takardu. Wasu har suna rubuta duk harafin da ka danna. Sai ta tattara ta aika wa mai ita ta intanet, sau da yawa cikin ƙanƙanin lokaci. Shi kuma ya yi amfani da su ko ya sayar wa wasu ɓarayin.

Akwai kuma abin da ake kira kukis. Idan ka shiga shafinka da kalmar sirri, shafin yana ba burauzarka wata 'yar shaida don kada ya riƙa tambayar ka kullum. Kamar takardar izinin fita ce da ake nuna wa maigadi. Duk wanda ya riƙe ta zai iya wucewa. Idan ɓarawo ya sace kukis, yana iya shiga shafinka ba tare da kalmar sirri ba.

Waɗannan manhajoji suna da sunaye. Akwai RedLine wadda ta bayyana a 2020, kuma 'yan sandan ƙasar Holan da na wasu ƙasashe suka rufe na'urorinta a watan Oktoba na 2024. Akwai Lumma, wadda kamfanin Microsoft ya ce ta kama kwamfutoci fiye da 394,000 a duniya cikin wata biyu kacal, daga Maris zuwa Mayu na 2025. Akwai kuma Agent Tesla. A 2022 hukumar EFCC da 'yan sandan duniya na Interpol sun kama mutum uku a Najeriya da ake zargi da amfani da ita. Ke nan matsalar ba ta Turai kaɗai ba ce.

Ta ina take shiga?

Na ɗaya, manhajoji da wasannin da aka fasa wa kulle, waɗanda ake ce wa kirak. Ita ce hanyar da ta ci Yaya. Sau da yawa za su ce ka kashe maganin bairos kafin ka buɗe. Duk wanda ya ce ka kori maigadi kafin ya shigo gidanku, ai ka san ba alheri ya kawo ba.

Na biyu, saƙon imel ko na WhatsApp mai ɗauke da fayil, a ce rasit ne ko fom ɗin tallafin karatu. Ka duba ƙarshen sunan fayil ɗin. Takarda takan ƙare da .pdf ko .docx. Idan ka ga .exe ko .scr ko .bat, wannan manhaja ce, ba takarda ba.

Na uku, tallar ƙarya. Ka nemi manhaja a intanet, sai shafin bogi mai kama da na gaskiya ya fito a sama.

Na huɗu, shafin da zai ce ka tabbatar kai mutum ne, sannan ya umarce ka ka danna maɓallin Windows da R, ka danna Ctrl da V, ka danna Enter. Kada ka yi! Da hannunka kake buɗe wa ɓarawo ƙofa. Gwajin gaskiya ba ya neman haka.

Na biyar, filashi. Wanda ya zaga shagunan buga takardu yana iya ɗauko cuta ya kawo gida ko ɗakin kwamfutar makaranta.

Alamomin da za ka gani

Abokanka su ce sun sami saƙon da ba kai ka aika ba. Ka sami sanarwa cewa an shiga shafinka daga wani gari. Lambar OTP ta shigo wayarka alhali ba ka nema ba. Maganin bairos ya mutu ba kai ka kashe shi ba. Sai dai wani lokaci babu alama ko ɗaya, domin wasu suna goge kansu da zarar sun gama sata.

Yadda ake fitar da ita

1. Ka cire kwamfutar daga intanet nan take. Kashe Wi-Fi ko zare waya. Kada ka sake rubuta kalmar sirri a kanta.

2. Ka faɗa wa babba, ko iyaye ko malamin kwamfuta. Faɗan minti biyar ya fi asarar kuɗin gida sauƙi.

3. Ka ɗauki wata waya ko kwamfuta mai lafiya ka canja kalmomin sirri. Fara da imel, domin ta nan ake dawo da sauran. Sai banki, sai Facebook da makamantansu. Kowane shafi da tasa kalmar daban.

4. A cikin saitin kowane shafi ka zaɓi fita daga dukkan na'urori. Wannan ne ke kashe kukis ɗin da aka sace. Sannan ka kunna tantancewa mai mataki biyu.

5. Idan an taɓa amfani da katin banki a kwamfutar, mai katin ya kira bankinsa a rufe shi.

6. Yanzu sai wanke kwamfutar. Buɗe Windows Security, shiga Virus & threat protection, sai Scan options, ka zaɓi Microsoft Defender Offline scan. Kwamfutar za ta mutu ta sake tashi, ta yi bincike na kamar minti 15. Bayan nan ka ƙara cikakken bincike da wani maganin kamar Malwarebytes, wanda aka sauke daga shafinsa na gaskiya.

7. Ka goge fayil ɗin da ya jawo matsalar, ka cire duk manhaja da ƙarin burauza da ba ka san su ba.

8. Hanya mafi tabbas ita ce a yi mata fomatin, a zuba sabuwar Windows. Kafin nan ka kwashe hotuna da takardu kawai, ban da manhajoji. Ka roƙi mai gyara kada ya zuba maka kirak, in ba haka ba an koma gidan jiya.

9. Ka sanar da 'yan'uwa da abokai kada su tura wa kowa kuɗi da sunanka.

Kuskuren da Yaya ya fara yi shi ne, ya canja kalmar sirrin imel ɗinsa a kan kwamfutar tun ba a wanke ta ba, sai mai gyara ya sa shi ya sake canjawa ta waya. Kuma ku sani, wanke kwamfuta ba ya dawo da abin da aka riga aka sace. Shi ya sa mataki na 3 da na 4 suka zama dole.

Rigakafi

Ka riƙa sabunta Windows da burauza. Ka bar maganin bairos a kunne. Idan ka shiga shafinka a shagon intanet ko a ɗakin kwamfutarmu, kada ka yarda burauza ta ajiye kalmar sirrinka, kuma ka fita kafin ka tashi. Ka binciki filashi kafin ka buɗe shi. Idan babu kuɗin sayen manhaja, akwai na kyauta na halal, kamar LibreOffice na rubutu da VLC na kallon bidiyo. Hausawa sun ce kwaɗayi mabuɗin wahala.

Tambayar mako: me ya sa ba a canja kalmar sirri a kan kwamfutar da ake zargin ta kamu? Ku rubuta amsa da ajinku ku jefa a akwatin ƙungiya kafin ranar Juma'a. Za mu liƙa wadda ta fi kyau a allon mako mai zuwa, in sha Allah.

Daga wata ɗaliba 'yar aji biyu, Ƙungiyar 'Yan Jarida.