Wasiƙa Zuwa Ga Matasan Birni Masu Sana'a Su Kaɗai

Ƙannena,

Wannan takarda taku ce, ku da kuka tayar da sana'a da hannunku: tela a Soron Ɗinki da kekensa guda, mai turaren wuta da humra a Yakasai da ke ciniki ta WhatsApp, mai POS ƙarƙashin laima a bakin Ƙofar Mata. Allah ya ƙara buɗi. Sai dai na san a cikinku akwai mai wuni tun hantsi har isha'i, ba abin da ya haɗa shi da mutane sai "nawa ne?" da "alat ya shigo?"

Irin wannan kaɗaici ba zuciya kaɗai yake ci ba, har jari yana taɓawa. Ranar da wani ya karɓi kaya ya kashe waya, ko zazzabi ya kwantar da kai mako guda, wa zai tsaya maka?

Kasuwancin garin nan bai taɓa zama na mutum ɗaya ba. A da, fataken da ke zuwa Gwanja sayo goro ayari suke yi, madugu na jagoranta, in sun sauka a zango fatoma ya ba su masauki, ya nemo masu saye, ya tsaya a kan bashi. Alhassan Ɗantata, wanda ya rasu a 1955, ta goro ya faro, kuma da ya koma gyaɗa, yaransa yake ba wa kuɗi su shiga ƙauyuka su sayo.

Ku shiga Kurmi ku gani da idonku. Kasuwar tana nan tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, kuma har yau masu kaya iri ɗaya a layi ɗaya suke zama. Maƙwabcin rumfarka abokin takararka ne, amma shi ke tsare maka kaya in ka tafi sallar azahar, shi ke ba ka canji, in mai saye ya nemi abin da ba ka da shi, ka miƙa hannu rumfarsa ka ɗauko, da yamma ku yi lissafi. Waya tana kawo ciniki, amma ba ta yi maka ko ɗaya daga cikin waɗannan.

Don haka ka nemi dattijo a sana'arka, ka riƙa kai masa gaisuwa ko ba ka da buƙata. In za ka saro yadi a Kantin Kwari, je da ƙafarka, ka zauna a kan benci, a san fuskarka. Ba a ba wa lambar waya kaya bashi. Majalisar bayan la'asar ma tana da amfani, muddin ba ta gulma da musun ƙwallo ba ce zalla.

Ke kuma ƙanwata mai sana'a a cikin gida, kada ki raina Islamiyya da biki da suna, nan ake sanin hannunki. Ki shiga adashi, amma wanda kika san gidan uwar adashin da mutanen da ke zubi.

In aka yi rasuwa a gidan maƙwabcin shagonka, rufe shago ka bi jana'iza, ka koma zaman makoki da yamma. Masu saƙo a waya za su jira.

Wassalam,
Yayanku.