Tsutsa Mai Naɗe Ganyen Auduga: Ka San Jikinta Kafin Ka Ɗauki Famfon Feshi

A daminar bara na je gida Ƙanƙara, ko jaka ban gama saukewa ba Baba ya ce, "Kai ɗan boko, gobe ka bi ni gona ka ga abin da ya fi ƙarfina." Da safe muka je. Ganyen audugar nan da yawa sun nannaɗe kamar mazurari. Sau biyu ya yi feshi, kuɗi sun tafi, amma da na warware ganye ɗaya sai ga koriyar tsutsa tana mutsu-mutsu, lafiyarta lau. Baba ya ce jabun magani aka sayar masa, ni ma na yarda. Sai da na ɗauki ƙwaron nan a matsayin aikina na kammala difloma na gane cewa ko maganin mai kyau ne, lokacin feshin ya riga ya wuce.

Wace ce ita?

Sunanta na kimiyya Haritalodes derogata, amma a tsofaffin littattafai za ka ga an rubuta Sylepta derogata. Ƙwaro ɗaya ne, kada ya rikita ka a jarrabawa. Wani masani ɗan ƙasar Danmak, Fabricius, shi ya fara bayyana ta a 1775. Tana cikin dangin Crambidae, ƙarƙashin rukunin Lepidoptera, wato rukunin malam-buɗe-littafi na rana da na dare. Ana samunta a Afirka da Asiya har Ostareliya. Abincinta dangin auduga ne: auduga, kuɓewa, rama da yakuwa. To ka ga a ƙasar Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, inda ake noma waɗannan kusa da juna, ta samu gida.

Jikin tsutsar

Idan ta gama girma tsawonta kusan santimita 2 da rabi ne. Fatarta shara-shara ce, har koren ganyen da ke cikin hanjinta kana hangowa. Kanta mai tauri ne, launinsa ya yi duhu. A kan akwai muƙamuƙai biyu da take yanka ganye da su, da ƙananan idanu a kowane gefe waɗanda aikinsu bai wuce bambance haske da duhu ba.

Bayan kai akwai gaɓoɓi 3 na ƙirji, kowace da ƙafa biyu. Waɗannan 6 su ne ƙafafu na ainihi. A ciki kuma akwai wasu ƙafafun nama guda 10, masu ƙananan ƙugiyoyi da take maƙale ganye da su. Ba ta da hanci ko huhu. Ta wasu ƴan ramuka da ke jere a gefen jikinta take numfashi.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne wani ɗan tsinke da ke ƙasan bakinta. Ta nan zaren siliki ke fitowa daga wasu jakunkuna biyu da ke cikin jikinta. Na zauna da gilashin ƙara girma ina kallonta: takan ɗan yanki ganyen, ta liƙa zare a baki, ta kaɗa kai zuwa ɗaya gefen ta liƙa, ta dawo, haka dai ba gajiya. Zaren yana ɗan tsukewa, sai ya jawo bakin ganyen. Ta ƙara wani layin, ya ƙara jawowa, har ganye ya zama ɗaki. A ciki take ci, a ciki take kashi, a ciki take ɓuya daga rana da tsuntsu. Maganin da sai ya taɓa jikin ƙwaro yake kashe shi, a bayan ɗakin nan yake sauka. Abin da ya faru da Baba ke nan.

Jikin uwar

Uwar malam-buɗe-littafin dare ce, faɗin fukafukanta kusan santimita 3. Fukafukan 4 ne, fari-fari mai ratsin ruwan ɗorawa, da layuka masu duhu da suka karkace kamar zanen lalle. Idan ka taɓa ta za ka ga wani gari a yatsanka. Wasu ƙananan ɓawo ne da suka rufe fukafukin, kuma daga su rukunin ya samo sunansa a harshen Girka. Tana da manyan idanu biyu da ƴan gashi biyu dogaye a ka, da su take jin ƙamshi. Bakinta bututu ne a naɗe, ruwan fure kawai take zuƙa, don haka ita da kanta ba ta cin ganye. A gindin cikinta akwai wani abu kamar fatar ganga, kunne ke nan, da shi ƴan wannan dangi ke jin sautin jemage su kauce.

Zagayen rayuwa

Matakai 4 ne. Da dare uwar take saka ƙwai a bayan ganye, cikin ƴan kwanaki su ƙyanƙyashe. Ƴan jariran ba sa naɗi tukuna. Suna kankarar bayan ganye ne a ƙarƙashin siririyar yana. Tsutsa takan yi saɓa sau da dama cikin mako 2 zuwa 3 ko fiye, kuma sai ta ɗan tasa take fara naɗi. Daga nan ta shiga matakin kwanciya, wanda malamanmu ke kira pupa: ta daina ci, ta zama ja-ja mai duhu, a cikin naɗin ko a cikin busasshen ganye a ƙasa. Bayan kamar mako guda ko fiye uwa ta fito. Duka zagayen wata guda ne ko ya ɗara kaɗan, ya danganta da zafi. Ke nan damina ɗaya tana ɗaukar zuriya fiye da ɗaya.

Cikin waɗanda na ajiye a kwalba, wasu ba su kai ga zama uwa ba. Na tarar da wasu fararen ƙwanso ƙanana kamar ƙwayar shinkafa a gefen gawarsu. Malamina ya ce ƴaƴan wani ɗan mitsitsin zanzaro ne da ke saka ƙwai a jikin tsutsar. Feshin barkatai yakan kashe wannan zanzaro da gizo-gizo, ya bar tsutsar a ɗakinta.

Me za mu gaya wa manomi?

Ganye ne ke haɗa wa auduga abinci. Idan an cinye shi da yawa, ƙwallon ba ya cika. Amma auduga na jure asarar ɗan ganye, ba kowane naɗi ne ya cancanci feshi ba. Ga abin da na fahimta:

1. A riƙa zaga gona kowane mako ana juya ganye. Ƙwai da jarirai a baya suke.
2. Idan feshi ya zama dole, a yi shi kafin naɗi ya yawaita, a kai ruwan bayan ganye, a bi abin da aka rubuta a jikin kwalba.
3. Idan an riga an naɗe, a ƙaramar gona hannu ya fi: a tsinke naɗin a murƙushe.
4. A kula da kuɓewa, domin miya za ta shiga. Kada a yi feshi yau a tsinka gobe.
5. Bayan an cire auduga a tuge karan, a share busasshen ganye, don kada ƙwaron ya samu maɓoya.

Wanda ke son ƙarin bayani ya tuntuɓi malamin gona na yankinsu, ko Cibiyar Binciken Aikin Gona ta IAR da ke Samaru, Zariya, wadda ke da alhakin binciken auduga kuma ta fitar da irin SAMCOT.

Ƴan uwana ɗalibai, mun san halin da yankinmu ke ciki. Rashin tsaro ya sa mutane da yawa barin gonakin nesa, ɗan abin da ke bayan gari shi ne abin dogaro, don haka kuɗin kwalba ɗaya ba abin wasa ba ne. Bana tun auduga tana ƙarama na kira ƙanena na ce duk Asabar ya bi kunya-kunya yana juya ganye. Baba ya karɓi wayar ya ce, "Ashe bokon naka har da leƙen bayan ganye?" Na ce, "Har da shi, Baba." Idan ka je hutu, kai ma ka warware naɗi ɗaya ka ƙirga ƙafafun da kanka.