Gaɓoɓin jikinmu

Mu gwada

Yara, kowa ya miƙe hannunsa na dama. Abokinka ya ɗaura maka kara daga damtse zuwa wuyan hannu, yadda gwiwar hannu ba za ta lanƙwashe ba. To, ɗauki ludayi ka kai bakinka. Ka iya? Ba ka iya ba. Gaɓa ɗaya ce aka tsayar, ga shi ko fura ta gagare ka sha.

Mene ne gaɓa?

Jikin babban mutum yana da ƙashi 206. Ƙashi yana da tauri, ba ya lanƙwashewa. Da a ce duk ƙasusuwanmu a manne suke, da mun sandare kamar turke: ba zama, ba tafiya, ba noma, ba daka. Wurin da ƙashi biyu ko fiye suka haɗu shi ne gaɓa. Ana kasa gaɓoɓi iri uku, bisa ga motsin da suke yi.

1. Gaɓoɓi marasa motsi

Shafa kanka. Za ka ji kamar ƙashi ɗaya ne, alhali kuwa kai da fuska suna da ƙashi 22. Na ƙoƙon kai sun sarƙe da juna, kamar ƙwaryar da gyartai ya ɗinke. Aikinsu shi ne kare ƙwaƙwalwa. Cikin 22 ɗin nan muƙamuƙin ƙasa kaɗai ke motsi, don mu tauna abinci mu yi magana.

A kan jariri ƙasusuwan ba su gama haɗewa ba. Wuri mai taushi da ke tsakiyar kansa shi ne maɗiga. Galibi tana rufewa kafin yaro ya cika shekara 2. Kada a danna ta. In jariri yana zawo kuma maɗigarsa ta faɗa, ruwan jikinsa ne ya ragu ƙwarai. A ci gaba da ba shi nono, a kai shi gidan likita nan take.

2. Gaɓoɓi masu ɗan motsi

Ƙashin baya jeri ne na ƙananan ƙasusuwa 33. Guda 24 na sama suna motsi, 9 na ƙasa sun manne. Tsakanin masu motsin akwai guringuntsi mai kauri, kamar gammo tsakanin kai da tulu. Kowace gaɓa motsi kaɗan take yi, amma in suka haɗu sai mu sunkuya har mu taɓa ƙasa. Nauyin jiki yana danne gammon nan da rana. Shi ya sa mutum ya fi tsawo da safe da wajen santimeta 1.

Haka kuma guringuntsi ne ya haɗa haƙarƙari da ƙashin ƙirji. Ja numfashi ka ji yadda ƙirjinka yake buɗewa.

3. Gaɓoɓi masu motsi sosai

Su ne suka fi yawa a hannuwa da ƙafafu. Siffar kowace ita ke nuna irin motsinta.

Mai kama da turmi da taɓarya: kan ƙashi mai mulmule yana zaune cikin gurbi, yana juyawa ko'ina. Misali kafaɗa da kwatangwalo.

Mai kama da ƙyauren ɗaki: tana buɗewa tana rufewa ta hanya ɗaya. Misali gwiwar hannu, gwiwar ƙafa da gaɓoɓin tsakiyar yatsu.

Mai juyawa: wuya yana da ƙashi 7. Na farko yana juyawa bisa na biyu, da haka muke girgiza kai mu ce a'a. Raƙumin dawa na Kure, duk da tsawon wuyansa, shi ma 7 gare shi.

Mai kama da sirdi: tana gindin babban yatsa. Ƙashi ya hau ƙashi kamar mahayi bisa doki. Ita ke sa mu riƙe alƙalami da allura.

Mai zamewa: a wuyan hannu akwai ƙananan ƙasusuwa 8 masu ɗan gogawa da juna.

Me ke cikin gaɓa?

Ranar layya ku roƙi mai fiɗa ya buɗe muku gwiwar rago. Za ku ga abubuwa huɗu. Akwai guringuntsi fari mai santsi da ya lulluɓe kan ƙashi, don kada ƙasusuwa su ci juna. Akwai ruwa mai yauƙi kamar farin ƙwai, yana aiki irin na mai a sarƙar keke. Akwai wata jaka da ta kewaye gaɓar, tana riƙe ruwan. Akwai kuma jijiyoyi masu ƙarfi da suka ɗaure ƙashi da ƙashi. Gaɓa ba ta motsa kanta. Tsoka ce ke jan ƙashi, sannan gaɓa ta lanƙwashe.

Mu kiyaye gaɓoɓinmu

Kowace gaɓa tana da iyaka. In aka tilasta ta ta wuce iyakarta, sai ta ji ciwo. Yaro yana langa, ƙafarsa ta gurɗe, jijiyoyin idon sawu suka miƙe fiye da kima ko suka yage: targaɗe ke nan. Ɗan kokowa ya faɗi bisa hannu, kan ƙashi ya fita daga gurbinsa: gocewar ƙashi ke nan. Kafaɗa ta fi saurin gocewa, saboda gurbinta ba shi da zurfi.

In abokinka ya ji irin wannan ciwo, ka zaunar da shi. Ka ɗora tsumma mai ruwan sanyi a wurin. Kada ka ja, kada ka murza. Ka kira malam ko wani babba. A gidan likita za a iya ɗaukar hoton ƙashi, wanda ake ce wa radiyo, domin wani lokaci karaya ce ake zaton targaɗe ne. In gaɓa ta kumbura, ta yi zafi, ga zazzaɓi, a ranar za a je likita. Jinkiri yana iya gurgunta yaro.

Kada ƙaramin yaro ya ɗauki kayan da suka fi ƙarfinsa. Bido mai lita 20 na ruwa nauyinsa kilo 20 ne, ya yi wa wuyan yaro yawa.

Mu riƙe

Gaɓa ita ce mahaɗar ƙasusuwa. Akwai marasa motsi, masu ɗan motsi, da masu motsi sosai. Cikin gaɓa mai motsi akwai guringuntsi, ruwa, jaka da jijiyoyi. Ba a ja ko murza gaɓar da ta ji ciwo.

Kalmomi da Faransanci

gaɓa: l'articulation
ƙashi: l'os
guringuntsi: le cartilage
jijiyar gaɓa: le ligament
maɗiga: la fontanelle
targaɗe: l'entorse
gocewar ƙashi: la luxation

Tambayoyi

1. Don me ƙasusuwan ƙoƙon kai ba sa motsi?
2. Wane bambanci ke tsakanin motsin kafaɗa da na gwiwar hannu?
3. Mene ne amfanin ruwan da ke cikin gaɓa?
4. Ƙanwarka ta yi targaɗe a hanyar rijiya. Me za ka yi?

Aiki

Auna tsawonka a jikin bango da sassafe, ka sa alama. Sake aunawa da dare. Gobe ka faɗa wa ƴan aji abin da ka gani.